Kakata da Matar Mai Baƙar Riga

Shekarar da na dawo hutun farko daga jami'a a Sakkwato, na iso Maradun da kwamfuta cike da tsofaffin finafinan manyan kamfanonin Amurka, irin marasa kalar nan na kisa da cin amana. Ɗan sandan ciki da malafa da doguwar kwat, hayaƙin taba ya cika ɗaki, ruwan sama ba ya tsayawa. Abokaina suka ce barci yake sa su. Wadda ta zauna kusa da ni ita ce kakata, uwar babana.

Bayan la'asar muke kallo a ɗakinta, tana ɓarar gyaɗa ina yi mata fassara. Ranar farko ta leƙa fuskar kwamfutar ta ce, "Mai gida, an cuce ka. Wagga aba ta lalace, ba ta da kala."

Na ce haka aka yi su tun asali.

"To mi ya hana su kunna fitila? Su ma ana ɗauke musu wuta?"

Ba ta riƙe sunan kamfani ko ɗaya ba, amma ta san su da tambarinsu. Akwai mai zaki, akwai mai dutse. In zakin ya yi ruri sai ta amsa masa, "Mun ji, sannu da aiki."

Akwai fim ɗin da ya tafi da ita. Wata mata mai baƙar riga ta shigo ofishin ɗan sandan tana kuka, wai mijinta ya ɓace. Na gaya wa kakata cewa a irin waɗannan finafinai irin matar nan ce ke kai mutum ta baro.

"Kai dai ba ka son ɗiyan mutane. Dubi yadda ta rame."

Can aka ce kashe mijin aka yi. Muna gab da gane wanda ya kashe shi sai fim ɗin ya tsaya cak. Ashe bai gama sauka ba tun a makaranta. Kakata ta ajiye faifan gyaɗa. Ranar Talata ta tura ni kasuwar Mafara a kan babur, ta ce kada in dawo sai da ƙarshen labari.

Na zagaye shagunan masu tura fim a waya. Na Indiya da na Hausa kamar ƙasa, nawa kuwa babu wanda ya taɓa jin labarinsa. Da ƙyar wani ya binciko mini sabon da kamfanin ya sake yi, mai kala, labarin iri ɗaya.

Muka kalla har ƙarshe. Matar ce ta kashe mijin, aka sa mata ankwa. Na juyo ina murmushi.

Kakata ta ce, "Wannan ai wata ce daban. Ba ka ga gashinta ja ba?"

Na ce labarin ɗaya ne, 'yan wasa aka canza.

"In an canza mutane an canza hali. Tawa ba ta kashe kowa ba."

Washegari ƙanwarta ta zo daga Bakura, na ji tana ba ta labarin a tsakar gida. A nata, mijin bai ma mutu ba, ci-rani ya tafi bai yi sallama ba, ɗan sandan ya je ya kamo shi da kunne. Ƙanwar ta ce ai maza sun saba, ta roƙi a kunna mata ta gani. Kakata ta aiko a gaya mini in sa wancan mara kalar.