Tsabtar Gwaggo Lutgarde

Gwaggo Lutgarde yayar mahaifina ce. Shekara talatin da huɗu ta yi tana guga a ɗakin wanki na wani gidan tsofaffi a garinmu, kusa da birnin Aalst, kuma ko da ta ajiye aiki hannunta bai zauna ba. Duk Juma'a sai ta wanke dakalin ƙofarta da sabulu, har da rabin na maƙwabta idan ta ga sun yi sakaci. Mijinta ya rasu ya bar mata tantabarun tsere arba'in a bayan gida. Ba ta son su, suna ɓata mata rufi, amma ta ƙi sayarwa.

Tantabarun ne suka kawo Anselmo, tsohon direban jirgin ƙasa daga Ajantina, wanda ya zo neman iri mai kyau aka yi masa kwatancen gidanta. Ta hana shi ko guda ɗaya, ta ba shi kofi da biskit. Shekara uku suna waya da ziyara, sannan wata Lahadi muna cin abinci ta ce zai dawo nan da zama. Babana ya tambaya ko ya kai kwat ɗinsa wanki saboda ɗaurin aure. Ta ce ta yi aure sau ɗaya ta ga abin da ke ciki, su rajistar zaman tare za su yi a ofishin gari, shi ke nan.

Ni aka ɗora wa takardu, don na yi jami'a kuma ba ni da musu. Na tara tikitin jirgi da hotuna, aka karɓa. Saura abu ɗaya: ɗan sandan unguwa ya zo ba sanarwa, ya ga da idonsa cewa Anselmo a gidan yake zaune. In ya rubuta a'a, babu katin zama, sai dattijon ya koma Ajantina.

Abin da Gwaggo ta ji kawai shi ne baƙo zai zo. Ta wanke labule, ta goge tagogi. A ganinta abin kunya ne baƙo ya ga rigar namiji a kan kujera, don haka kullum da safe sai ta kwashe takalman Anselmo da askarsa da maganin hawan jininsa ta kulle a akwati. Sunansa ma ta ƙi liƙawa a ƙofa, wai takarda za ta ɓata mata adon tagullar da ke jikin ƙofar.

Korneel ɗan sanda ya zo wata Talata, Anselmo yana ajin koyon yare, ni kuma na leƙo kawo burodi. Ya zaga gidan da littafinsa. Kofi ɗaya a kan kanta, buroshi ɗaya a banɗaki, gado kamar ba a taɓa kwanciya a kai ba.

"Madam, ko ke ma ban ga alamar kina zaune a nan ba," in ji shi.

Ta ce ta gode, ta ɗauka yabo ne. Sai da ya ce yau ba zai rubuta komai ba, zai ƙara dawowa sau ɗaya tak, sannan ta zauna a kujera ba tare da ta gyara matashin ba. Ban taɓa ganin ta yi haka ba.

Mako uku aka yi ana koyon ƙazanta a gidan. Matsalar ita ce Anselmo ya riga ya horu. Zai ajiye safa a tsakar ɗaki, ya tsaya yana kallonta, sai ya ninke ta. Gwaggo tana yi masa faɗa, "Haba tsoho, a ƙasarku ba a koya muku watsa kaya ba?" Shi kuma ya ce an koya masa, ita ce ta cire masa. Na sha ganin ta wuce kofi mai datti tana kawar da kai, hannuwanta a cikin aljihu.

Korneel ya dawo wata Laraba da hantsi. Safa da jaridu suna nan a baje, amma ko kallonsu bai yi ba, wataƙila don an jera su da kyau. Ya dubi Anselmo ya tambaye shi wace jakar shara ake fitarwa gobe.

Anselmo ya ce shuɗiya, ta robobi da gwangwani, amma sai an ɗauraye kowane gwangwani. Kwali sai mako mai zuwa, a ɗaure da igiya. Kuma kada jakar ta taɓa dakali, tun da ya yi kuskuren nan sau ɗaya a watan Maris, kwana biyu ba a ba shi biskit ba.

"Kwana ɗaya," in ji Gwaggo.

"Biyu, Lut."

Korneel ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce shi shekara ashirin yana unguwar nan amma matarsa ce ke tuna masa ranakun fitar da shara. Gwaggo ta ce ta sani, tana ganin jakarsu.

Katin ya fito cikin kaka. Anselmo ya nuna wa duk wanda ya tsaya a layin burodi, har da waɗanda ba su tambaya ba. A hoton gashinsa a miƙe yake ta gefe ɗaya, kuma har yau Gwaggo tana tambayata ko akwai takardar da ake cikewa a canja hoto.