Sammakon Khalilu Mai Taki

"Ni dai in za a kai yaran nan wurin lilo, a yi sammako. Kafin rana ta take an gama an dawo."

"Sammako wurin lilo? Kai da ji ba ka taɓa zuwa ba."

"Yo ina aka taɓa yin sammako aka yi asara?"

"Janye buhunka, ya danne min ƙafa. Ka je Gidan Ɗinya ka tambayi Khalilu mai taki."

"Wane Khalilun? Mai jakin nan?"

"Jaki ai ya daɗe da mutuwa. Shi dai."

"Allah sarki, ashe shi ne. Na ji labarin. Kwandasta, akwai sauka a kwana."

A motar Minjibir aka yi wannan magana, ana gab da Sallah. Wanda ya ce ya ji labarin ya sauka da buhunsa bai maimaita labarin ba. Ga yadda abin yake.

Khalilu manomi ne, ɗan manomi. Gonarsa irin ta yankin nan ce, wadda rabon gado ya yi ta yanka har ta koma in ka tsaya a wannan iyaka ka yi tari, na waccan iyakar zai ce maka sannu. Ba a barin ta ta huta ko shekara guda, don haka sai da taki. Tun yana ƙarami mahaifinsa yake tashinsa kafin kiran assalatu, su kora jaki zuwa jujin birni su ciko mangala da toka da kashin awaki da ruɓaɓɓiyar shara. Wanda ya fara isa shi ke kwasar baƙin na ƙasa, mai maiƙo. Wanda ya makara sai leda da fasassun kwalabe. A juji Khalilu ya yi karatun duniya, kuma darasi ɗaya ya ɗauko: rabo a bakin ƙofa yake kwana.

Darasin bai taɓa ba shi kunya ba. Ranar rabon takin zamani shi ne na gaba. Ranar yankar kati a asibiti shi ne na gaba. Zai isa tun gari bai gama wayewa ba, ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya ajiye a bakin ƙofa, ya koma gefe ya zauna yana jan carbi. A ƙauyukan nan takalmi mutum ne. In ka ajiye shi a layi, na bayanka zai jera nasa a baya, ko dutse, ko buta, kuma ba mai tsallakawa.

Jaki ya mutu, masu kurkura, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, suka karɓe jigilar shara, birni ya yi ta matsowa yana cinye gonakin Ungogo. Khalilu bai fasa tashi ba. Matarsa Hure takan ce, "Malam, kai ko ranar mutuwarka sai ka riga masu haƙar kabari isa."

Yakan ce, "Da na zaɓi wuri mai inuwa."

Jika ɗaya ce a gabansu, Tahira, 'yar ɗansu Yahya da ya tafi neman kuɗi Kudu. Uwarta ta yi wani auren wajen Gezawa. Yarinyar tana da ciwon sikila, ciwon da ya riga ya ɗauke yayyenta biyu. Shekarunta sun kai takwas amma jikin na 'yar biyar ne, idanun da ɗan rawaya-rawaya, bakin kuwa ya fi na kowa kaifi a gidan. Ita ke kiran kakanta Tsoho, shi yana kiranta Hajiya. A asibiti an gaya musu abin da za su kiyaye, har Khalilu ya haddace kamar Fatiha: ban da zafin rana, ban da ƙishirwa, ban da gajiya, ban da turereniya.

A hanyar asibitin nan ta fara ganin lilon. Wani attajiri ne ya kewaye fili a bakin titi, ya zuba kayan wasan yara. Daga mota ba a ganin komai sai abu ɗaya da ya zarce katanga, wani ƙaton gammon ƙarfe a tsaye, da kujeru suna reto a jikinsa kamar kwanduna.

"Tsoho, in an hau can ana hango gidanmu?"

"Har rumbun da kike satar min gyaɗa."

"Gyaɗar taka duk ƙwari. Ka taɓa hawa?"

"Ni da na hau jaki shekara da shekaru, me zan yi da wannan?"

"Tsoro kake ji."

Cikin azumi ciwon ya tashi, ta yi kwanaki ba ta taka ƙasa ba. Da ta fara samun sauƙi, tana kwance a tabarma, ta ce ba ta son kazar Sallah, ba ta son awarwaro, lilo take so. Khalilu ya ce in Allah Ya kai rai za ta hau. Ya faɗa a gaban Hure, kuma shi mutum ne da ba ya mayar da magana.

Hure ta bari sai da yarinyar ta yi barcin rana. "Malam, Sallar bana a tsakiyar bazara ta faɗo. Ka ji yadda ake cewa wurin nan yana cika. Yarinyar da ko biki ba ma kai ta?"

"Shi ya sa za mu yi sammako. Mu ne na farko. Ta hau da sanyin safiya, ba kowa, ba mai ture ta. Kafin hantsi muna gida tana ba ki labari."

Hure ta juya maganar ta kowane gefe ba ta ga inda ta ɓaci ba. Ita ma duk zamanta da shi ba ta taɓa ganin sammako ya ci amanarsa ba. Ya kai zabinsa kasuwa. Ita kuma ta ƙunsa wa yarinyar lalle.

Washegarin Sallah, ana sallame asuba suka fita. Tahira ta sha atamfa sabuwa da kwalli, tana riƙe da ledar cincin, shi yana riƙe da gorar ruwa. Rana tana fitowa suna sauka a bakin wurin. Ƙofar ƙarfe ce babba, an zana mata zaki da giwa, a rufe. Ba kowa sai awaki suna kiwon ledojin jiya. Khalilu ya duba dama, ya duba hagu, ya yi murmushi. Ya cire silifas ɗinsa na dama ya ajiye daidai tsakiyar ƙofa.

"Kin gani ko, Hajiya? Ko 'yar gwamna ta zo yau a bayanki take."

Can sai maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, da asuwaki a baki, wani magidanci mai jajayen idanun rashin barci.

"Baba, lafiya? Yaro ya ɓata muku jiya?"

"Lafiya lau. Lilo muka zo."

"Yanzu?"

"Mun makara ne?"

Maigadin ya fara dariya, da ya dubi fuskar tsohon sai ya haɗiye ta. "Baba, ai ba a tayar da inji sai mutane sun taru. Man dizal yake sha. Mai wurin ba zai ƙona mai don mutum biyu ba."

"To yaushe suke taruwa?"

"Sai an ci an ƙoshi, an yi wanka, an gama gaishe-gaishe. Wani lokaci bayan azahar, wani lokaci sai la'asar. Ku je gida ku dawo."

Khalilu ya gyaɗa kai kawai. Wannan magana ya sha jin ta. Duk inda ya taɓa bin layi sai wani mai hula ya fito ya ce ba yanzu ba, a je a dawo. Marasa haƙuri su tafi, suna ba da baya a buɗe, waɗanda suka zauna su samu. Ban da haka, komawa gida mota biyu ce, dawowa mota biyu, ga yarinya ba ta son jijjiga. Ya dubi Tahira.

"Ni ba inda za ni," in ji ta. "In ka gaji ka tafi, Tsoho."

Suka zauna a gindin katanga. Babu bishiya ko ɗaya a wurin, duk an sare lokacin da ake gini, sai kututturen wata ɗorawa. Inuwar katangar da farko ta ishe su har da miƙe ƙafa. Tana ta janyewa suna matsawa, har ta koma ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Ruwan gora ya yi ɗumi, ya ƙare. Masu sayar da ruwan leda ba su fito ba, su sun san lokacinsu. Maigadi ya tausaya, ya shigar da yarinyar ɗakinsa na kwano ya ba ta benci, ya tsiyaya mata ruwan butarsa. Ɗakin kamar tanda yake.

Da safe bakinta bai huta ba. Ta zaɓi kujerar da za ta hau, mai ruwan ganye. Ta ce in ta kai sama za ta tofa wa Tsoho yawu a hula. Wajen azahar maganar ta ragu. Khalilu ya yi salla a gefen titi, ya dawo ya tarar tana murza ƙwaurinta da hannu biyu. Ya san wannan murzar.

"Ƙafar ce?"

"A'a. Lallen ne yake min ƙaiƙayi."

Ya san ƙarya take, ita ma ta san ya sani. Ya leƙa waje. Mutane sun fara zuwa. Ya ce a ransa, saura ƙiris.

Suka yi ta sauka daga adaidaita sahu da motocin gida, samari cikin shadda, 'yan mata da wayoyi, iyaye mata da goyo, masu balan-balan da masu tsire. Ba wanda ya jera komai a bayan silifas ɗin. Kowa ya zo sai ya manne da ƙofa.

"Samari, layi daga nan ya fara," in ji Khalilu.

"Layin me, Baba? Banki ne?"

"Ga takalmina nan tun asuba."

"Tun asuba? To Allah Ya ba da lada. Wallahi da ni ne da na yi barcina."

Wani ya sa ƙafa ya shure silifas ɗin, ba da mugunta ba, hanya yake nema. Sai a sannan Khalilu ya lura jama'a suna dafifi a wata 'yar taga can ƙarshen katanga. Nan ake yankar tikiti. Yini guda yana gadin ƙofar da ba ta nan ake farawa ba.

Inji ya yi gurnani, yara suka ɗauki sowa. Khalilu ya shiga cikin taron da ƙafa ɗaya ba takalmi. Ba gaba ba baya a wurin, mai dogon hannu shi ke miƙawa ta saman kawuna. Aka take shi, aka tuɓe masa hula, wani ya ce, "Baba, kai ma hawa za ka yi?" Ya daure har tikitin ya shigo hannunsa, jiƙe da gumi.

Ya tarar da Tahira ta dunƙule a kan benci, ta cusa bakin ɗankwalinta a baki tana cizo.

"Baba," in ji maigadi, "yarinyar nan asibiti take so, ba lilo ba."

"Tashi, Hajiya. Ga tikiti."

Ta yunƙura, ƙafafun suka ƙi. "Goya ni, Tsoho."

Ya goya ta, ya nufi ƙofa. An buɗe ɓari ɗaya, mutane suna matsuwa a ciki kamar tumaki a bakin rijiya. Ya sa kafaɗa. Gwiwar hannun wani ta sami bayan yarinyar, ta yi wata ƙara da bai taɓa jin irinta daga bakinta ba, ita da ko allura ba ta yi wa kuka. Ya tsaya. Ta saman kawuna yana hango gindin lilon, jama'a sun nannaɗe shi, waɗanda suka zo ɗazu-ɗazun nan har sun hau. Ya juya. Tunda yake bai taɓa barin layi ba sai ran nan.

Wannan ita ce fita ta ƙarshe da Tahira ta yi da ƙafarta. Daga gadon asibiti ba ta koma Gidan Ɗinya ba sai a naɗe, kafin ruwan farko ya sauka. Likita ya ce ciwon yakan tashi ko a inuwa mutum yake. Hure ba ta taɓa ce wa mijinta shi ya ja ba, shi ma bai taɓa cewa ba shi ba ne. Har yau yana tashi kafin assalatu, jiki ya saba. In ya dawo daga masallaci sai ya zauna a zaure har rana ta yi tsaka, maƙwabta suna wucewa gona suna gaishe shi.

Amma a yammacin nan ba wanda ya san haka. Maigadi ya tare musu adaidaita sahu, ya taimaka aka kwantar da ita, kanta a cinyar kakanta.

"Gida ko asibiti?" in ji direban.

"Asibiti."

Suka hau titi, suna bin jikin katangar. Kiɗa yana tashi daga ciki, da ihun yara duk lokacin da kujera ta kai ƙololuwa. Tahira ta buɗe ido, rufin adaidaita kawai take gani.

"Tsoho, yana juyawa?"

"Yana juyawa."

"Har mai ruwan ganyen?"

Ta yi ƙoƙarin ɗaga kai, wuyan ya kasa. Khalilu ya sa hannu ya taɓa kafaɗar direban.

"Ɗan nan, don girman Allah ɗan tsaya a nan, daidai inda katangar ta yi ƙasa. Bari in ɗaga ta ta gani, sai mu wuce."