Gangar da ba a sassauta ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Rabe, wanda mutanen Dakoro suka fi sani da Rabe Mai Ƙwarya. Makaɗin ganga ne. Laƙabin ya samo shi ne daga 'yar ƙwaryar ruwa da yake ajiyewa kusa da ƙafarsa duk inda zai yi kiɗa. Ni ce autar gidanmu, Abu. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, sai bana na iya, ko da yake har yanzu in mota ta taka birki a bakin kasuwa sai na nemi bango na jingina.

A wurin kawunmu na Ajekoriya ya koyi gangar noma. Can ƙa'idar ɗaya ce: a shanya ganga a rana ko a kara ta kusa da wuta, fata ta ɗame, amo ya tashi sama yadda manomin da ke ƙarshen gona zai ji. Haka ya yi ta yi har shekarar da ya raka wani mai sayen awaki Azagor. A nan ya ga matan Buzaye suna buga tende. Turmi ne aka rufe bakinsa da fatar akuya, mata biyu na zaune bisa taɓaren da ke jan fatar, wata kuma tana yayyafa mata ruwa. Ya ce amon bai biyo ta kunnensa ba, ta ƙirji ya shiga. Tun daga nan ya raba gangarsa biyu. Fuskar da gula, sandar kiɗan, ke duka a rana take yini, ɗayar kuwa, wadda yatsun hagu ke taɓawa, sai ya shafe ta da jiƙaƙƙen tafi.

Kawu bai ji daɗi ba. Ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaya Rabe ya yi dariya, ya ce shi ai gidajen da suka ba shi fura suna da yawa, ba zai yi wa ɗaya kuka ya bar sauran ba.

Bai tsaya nan ba. Zaren fatar da ke kwance bisa fuskar ganga, mai sa ta zuza, ya taɓa cire shi ya sa silin wayar birkin moto. Inna ta saurara daga bakin murhu, ta ce kamar an rufe zanzaro a gwangwani. Ya cire. Ya gwada gula ta icen geza, ya gwada ta aduwa, ya koma ta geza amma ya naɗe kanta da tsumma. Duk wannan a tsakar gidanmu ake yi, ni kuwa ina gefe da littattafan lakwal, ina ƙorafin ya hana ni karatu. Ashe kunnena ma karatu yake yi ban sani ba.

Abu guda ba ya wasa da shi. In an tashi daga kiɗa sai ya sassauta igiyoyin kafin ya rataye ta. Yakan ce fata ma rai gare ta, wanda ya kwana a ɗaure ba ya tashi da murya.

Ranar da abin ya faru, daga biki muke dawowa a Ajekoriya, da la'asar, a motar kasuwa. Direba na ta matsa oda, Yaya bai samu ya kwance igiyoyin ba. Ni aka ba wuri a tsakiya, shi ya hau bisa buhunan gujiya. Ya miƙo mini gangar.

"Riƙe mini ita, Abu. In munka isa gida na sassauta ta."

Tayar gaba ce ta fashe. Ƙarar nake tunawa, sai kuma farkawata a gidan likita. Ni da gangar muka fita ba karaya. Shi bai iso gida ba.

Inna ta rataye ta a ɗakinsa yadda ya bar ta, ta hana kowa taɓawa. Lawali, abokin kiɗansa tun suna yara, ya zo bayan arba'in ya ce a bari ya kwance igiyoyin kawai. Inna ta ce ɗaurin hannun ɗanta ne na ƙarshe, ba mai warware shi. Wa zai yi mata gardama? Ni kuwa tun daga lokacin ko ƙofar ɗakin ba na son bi. Na bar zuwa biki, na bar zuwa suna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga bukukuwan yanzu. Sono ake ɗaukowa, a jera manyan akwatuna a ƙofar gida, kiɗan na fitowa daga fiyano. Wanda aka sa a Maradi shi za a ji a Tagris, ba bambanci. Ba na jin zai yi fushi, ba halinsa ba ne. Na fi zaton zai kara kunne jikin akwatin, ya daɗe yana saurare, sannan ya tambayi mai shi ta ina ake ba ta ruwa.

A bazarar bana, da azahar, ina tankaɗe a tsakar gida, fatar gangar ta tsage. Tas! Rariya ta kuɓuce mini, na tsinci kaina a durƙushe na toshe kunnuwa, ina jin warin taya da gujiya. Inna ce ta shiga ta fito da ita. Ta daɗe tana kallon tsagar, sannan ta aika a kira Lawali.

Sa sabuwar fata ba wuya gare shi. Matsalar, ya ce, shi kullum gefen Rabe yake tsayawa da tasa gangar a kunne, bai taɓa jin amon daga gaba ba. Abin da ya rage a wayoyin mutane kuwa saman kiɗan ne kawai, waya ba ta kama wannan gurnanin na ƙasa. In ba a samu mai kunnen da ya riƙe shi ba, ganga za ta tashi, amma ta kowa ce.

"Ke kika zauna gabanta shekara da shekaru, ƙanwata," ya ce. "Ba ni tilasta miki."

Sai bayan kwana biyu na yarda. Da na je gidansa, inda ya kai gangar, Inna ce ta raka ni, ta zauna bayana gwiwarta na taɓa kafaɗata. Bugun farko na ji kamar in tashi in ruga. Na daure. Amon ya yi sama da yawa, na ce ya ƙara ruwa. Ya ƙara, amon ya mutu gaba ɗaya, muka jira ta sha iska. Na ce Yaya ba tsakiya yake shafawa ba, daga gefe yake farawa ya zagayo. Ban san na san wannan ba sai da bakina ya faɗa. Ya yi hakan, ya buga, ya taɓa da yatsun hagu. Na ji abin a ƙirjina. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ba zan ce na warke ba. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, kaɗan-kaɗan. Ba kuma zan ce amon Yaya ne sak ya dawo ba, don hannun Lawali daban ne, kuma na san zai ƙara nasa, kamar yadda Yaya ya ƙara a kan na Kawu. Amma ƙwaryar na nan, kuma akwai ganga ɗaya a Dakoro da fuska guda ke shan rana, guda ke shan ruwa. Allah ya jiƙan Rabe, ya sa ya huta.

Da muka gama ranar, Lawali ya kai hannu zai kwance igiyoyin. Na roƙe shi ya bar mini. Na rungumo ta kamar yadda na riƙe ta a motar, na bi gefen titi da ita har ɗakin Yaya. Igiyar farko ta ƙi, ta biyu ta saki. Kafin in rataye ta na ce masa, Yaya, mun iso gida.