Khala Zaibun da Tsummokaranta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Rajab, aka aiko daga gidan Taukir Miyan cewa Allah ya yi wa goggonsa rasuwa. Ke ke nan, Khala Zaibun, wadda duk macen da ta tashi a lungunmu na tsohuwar Bhopal ta taɓa zama a gabanki ta miƙa miki kanta.

Gashinmu miƙaƙƙe ne kamar zare, mu kuwa mun ƙwallafa rai sai ya nannaɗe. Ke kike yi mana, kuma ba da wuta ba. Tsohon mayafin auduga kike yayyagawa siri-siri, ki ɗan jiƙa gashin da ruwan wardi, ki kama bakinsa ki naɗe shi a jikin tsumma har gindi, ki ƙulle. Haka za mu kwana, kai duk ƙulle-ƙulle, ƙannenmu maza suna kiranmu tafarnuwa. Da safe ki kwance, gashi ya zubo yana lilo. Ranar da Shabnam, matar Taukir, ta sayo ƙarfen gashi na lantarki, kallonsa kika yi kika ce, "Amarya, in suya kike sha'awa, ga kicin can. Kan mutum ba kasko ba ne."

Amma abin da ya dame ni tun ina yarinya shi ne, ba wanda ya taɓa ganin kanki. Farin ɗankwali ɗaure har gira, bazara da hunturu, ko a cikin mata zalla. Wasu suka ce risho ne ya fashe miki kina budurwa. Wasu suka ce gashin har dunduniya yake, marigayi mijinki ne ya sa kika rantse ba za ki nuna shi ba. Na taɓa tambayarki, "Khala, ke wa yake naɗa miki naki?" Kika ce, "Aljanu, duk ranar Alhamis. Juyo min ƙeyarki, sarkin tambaya."

Sai shekarar da 'yata Arshi ta kamu da ciwon dajin jini, tana 'yar shekara goma sha shida. Magani ya kwashe gashinta tas. Ta kulle kanta a ɗaki, ta rantse ba za ta koma asibiti ba. Babanta ya yi faɗa, ni na yi kuka, likita ya ce jinkirin zai iya cin ranta. Bayan la'asar sai ga ki kina dogara sanda. Sai da kika shanye shayinki mai ɗan gishiri, sannan kika buga ƙofar kika ce, "Arshi, buɗe, ko in mutu a nan a ce ke kika kashe tsohuwa."

Ta buɗe, kika shiga, kika mayar da sakata. Ni kuwa na manna kunnena a jikin ƙofa. Can na ji ƙarar fil ya faɗa cikin faranti, sai muryar Arshi ta ce, "Khala!" Daga nan sai dariya, ku biyun, irin wadda na manta rabon da in ji ta a gidana. Washegari yarinyar ce da kanta ta tashi babanta ya kai ta asibiti. Da gashinta ya tsiro ya kai tsawon ɗan yatsa, kika yanko 'yan mitsi-mitsin tsumma kika naɗa mata shi.

Me kika nuna mata? Na tambaye ta da lallashi, na tambaye ta da fushi. Yau ga ta da 'ya'yanta biyu, ba ta taɓa faɗa min ba.

Ashe kin bar wasiyya cewa Arshi kaɗai za ta wanke kanki, sauran masu wanka su juya baya. Ina cikinsu, riƙe da buta, fuskata a bango. Ina jin zubar ruwan, taku ɗaya ne tsakanina da amsar. Wuyana har ciwo ya yi, amma ban waiga ba. Da aka fita da ke, na dubi Arshi. Ta share hawaye ta ce, "Ammi, har yanzu?" Na ce har yanzu. Ta ce, "To ki yi haƙuri. Magani ne ta ba ni, na kuwa shanye."

Allah ya jiƙanki, Khala Zaibun, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki. Yadda kika ja asirinki kika rufe, ba ki buɗe shi ba sai don ceton rai, Allah ya suturta ki ranar da ake tone asirai. Ina miƙa ta'aziyyata ga Taukir Miyan, da Shabnam, da 'ya'yansu, da dukan matan lungunmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu cika da imani. Amin.