Waken Imam

A shekarun da na yi ina buga rubutu a wani shago a unguwar Sultana a Madina, akwai wata Asabar da har yau ban manta da ita ba. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ku da kuka zo yanzu ba ku tarar da wannan ba. A lokacin ɗalibi da hannu yake rubuta risalarsa, wato kundin digiri, ya kawo mu buga a kwamfuta, a ɗinke, ya kai wa mushrif, malamin da ke duba aikinsa. Sai mushrif ya sa hannu ake tsayar da ranar kare aikin.

Malam Sanusi ɗan Zariya ne. Shekara huɗu yana aiki a kan wani tabi'i daga malaman fiƙihun Madina na farko. So yake ya nuna cewa fatawowi da yawa na mazhabar mutanenmu daga bakin mutumin nan suka gangaro, amma masu tarihi sun rage masa matsayi. Iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, saura wata biyu. In mushrif ya mayar da aikin sai baɗi, shi kuwa ba shi da baɗi a ƙasar nan.

Ni na buga masa. Ina da sauri, kuma ina ji da saurin nan fiye da kima. Ido ya gani, yatsa ya buga, hankali yana wani wuri. Ranar Laraba ya kai aikin. Asabar da hantsi sai ga shi, ko sallama bai ƙarasa ba ya buɗe babin ƙarshe a gabana.

"Hamza, karanta min kan babin nan."

Inda ya rubuta ƙaulul Imam, wato maganar Imam, ni na buga fulul Imam. Ful kun san shi, waken da muke karyawa da shi. Na juya shafi, ga wake. Na sake juyawa, ga wake.

Na ɗauko rubutun hannunsa, nan na gane. A babukan farko ƙaf ɗinsa ɗigo biyu ne a sama. A na ƙarshe hannunsa ya koma rubutun allo, inda ƙaf ɗigo ɗaya ne a sama, fa kuma ɗigonta a ƙasa. Ni a Madina aka haife ni, ban taɓa riƙe allo ba, ɗigo ɗaya a sama a wurina fa ce. Haka na bi babin ina ɓata kalmomi.

"Khalas, shi ke nan, Malam, tare za mu je wurin mushrif," na ce.

Mushrif ɗin tsoho ne ɗan Muritaniya, ɗalibai na shakkarsa. Na gaishe shi, na ce, "Ya Shaikh, al-galaɗ minni. Laifina ne, ba nasa ba."

Bai kula ni ba. Ya karɓi rubutun hannun ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi Malam Sanusi.

"A allo ka fara?"

"Na'am, ya Shaikh."

"Ni ma haka nake ɗiga ƙaf in ba mai gani. Tun shafin farko na gane abin da ya faru." Ya yi murmushi. "Babin nan ya fi sauran ƙarfi. Mutum ba ya komawa hannun yarintarsa sai yana rubuta abin da ya yarda da shi. Ku gyara ku kawo Litinin."

Da muka fito sai na zauna a kan matakala. Daɗin da na ji ranar ban san da me zan kwatanta shi ba. Malam Sanusi ya kare aikinsa saura kwana tara iƙamarsa ta ƙare.

Ranar Asabar ɗin nan na bar alfahari da sauri. Wanda ya miƙo maka rubutun hannunsa, shekarunsa ya miƙo maka. Tun daga nan ba na taɓa takardar kowa sai na tambaye shi a ina ya fara karatu.