Tambayar Baffa Ranar Gangami

Yau na ji tarihin wanda ya kafa Pakistan a rediyo, sai Baffa ya faɗo mini. Yakan ba mu labarin mutumin yana ɓarar gyaɗa a zaure: ya sama wa Musulmi ƙasa, ya ce wa waɗanda ba Musulmi ba su zauna, gidansu ne.

Ranar gangamin shari'a na dawo Daura murya a dishe, na ce, "Baffa, mu ma mun kafa tarihi!"

Ya dubi kwaɗon da aka garƙame ƙofar maƙwabcinmu da shi, wani tela Kirista. "Tsoro ya sa ya kwashe iyalinsa. Cikinku wa ya hana shi tafiya?"

Na sunkuyar da kai. Telan bai dawo ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya ba mu zuciya irin taka.