Kawu Ilu da Takardar Darussana

Wannan damina ce ta tara da muka binne Kawu Ilu a garinmu Ƙarfi. Yayan mahaifiyata ne, manomin auduga da dawa, kuma shi ya riƙe ni tun ina ƙarami.

Da na samu gurbin karatun hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a, sai ya sa na fassara masa takardar darussan kakaf: tarihin yaƙe-yaƙen Turai, dokokin duniya, diflomasiyya, cinikayya tsakanin ƙasashe, Faransanci. Na karanta masa manufar ma, wai a samar da matasa masu fahimtar duniya.

"Su wa suka zaɓa muku waɗannan?" ya tambaye ni. "Ku za ku fahimce su, ko su za su saba da ku?"

Dariya na yi. A raina na ce tsoron tsofaffi ne.

Ina aji uku wasu baƙi suka zo da sabon irin auduga, suka ɗauke ni tafinta saboda karatuna. Na tsaya gaban manoman garinmu ina mayar da maganarsu Hausa, har da ƙarin gishirina. Kowa ya karɓa ban da Kawu. Tambaya ɗaya ya yi: in an ajiye irin, zai yi baɗi? Baƙin suka kewaye tambayar, ni kuma na fassara kewayen yadda yake.

Shekarar farko auduga ta yi kyau. Ta biyu waɗanda suka shuka ajiyayyen irin suka tashi da kara. Wajen Kawu suka dawo neman tsohon iri, ya ba su. Ni dai na daɗe ban shiga kasuwar Ƙarfi ba.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Funtua. Kwanan baya wata ɗalibata mai son karanta kwas ɗin da na yi ta nuna mini darussansa a wayarta. An ƙara sauyin yanayi da ƙaura da tsaro. Da Kawu na nan, na san zai so ya ji ko an ƙara koyar da yadda tafinta zai dakatar da baƙo ya ce ba a amsa tambaya ba.

Ban hana ta ba, karatun yana da amfani. Amma na ce ta fara binciko wanda ya tsara shi. Ta dube ni ta ce, "Malam, kai ba ka yarda da kowa."

Ban musa ba. Gonar Kawu 'ya'yansa suka raba. Wannan halin ne rabona.